Sintra da tikiti mai lokaci: yadda sabbin ƙa'idoji suka sauya ziyarar yini guda zuwa garuruwan tarihi na Turai

Har zuwa 'yan shekarun nan, wanda ya sauka a Lisbon, babban birnin Fotugal, yana son ganin fadojin Sintra, wani tsohon gari da ke gindin dutse kusa da birnin, abin da zai yi bai wuce ya hau jirgin ƙasa da safe, ya bi layi a bakin ƙofa, ya yanki tikiti ba. Yanzu ba haka abin yake ba. Fadar Pena, wadda ta fi ko'ina jan baƙi, ba a shiga cikinta sai a lokacin da aka rubuta a jikin tikiti. A 2024 kuma masu kula da ita suka rage yawan tikitin da ake sayarwa a rana zuwa ƙasa da rabin 12,000 da aka saba. An hana motocin gida bin hanyar da ta hau dutsen da fadar take a kai. Idan zafi ya tsananta, ana iya wayar gari a rufe dutsen baki ɗaya saboda fargabar gobarar daji.

Waɗannan sauye-sauye sun fi rikita masu sayen ziyarar yini guda ta intanet. Wani ya biya yana zaton zai shiga ɗakunan fada, sai ya tarar abin da ya saya bai wuce lambu ba. Wani yana riƙe da tikitinsa, amma a mayar da shi saboda ya iso a makare. Sintra ba ita kaɗai ce ta ɗauki irin wannan mataki ba, sai dai a nan ne matsalolin suka taru wuri guda, shi ya sa fahimtar ta ke buɗe ido kan sauran.

Abubuwan da ake yawan rikitawa

Ziyarar yini guda da jagora ita ce kamfani ya ɗauki mutum daga birnin da ya sauka da safe, ya zaga da shi, ya dawo da shi da yamma ba tare da kwana ba. Iri uku ce. Akwai ta babbar bas mai ɗaukar mutum arba'in zuwa hamsin. Akwai ta ƙaramar bas mai fasinja takwas da direba. Akwai kuma wadda mutum ko iyali ke ɗaukar shatar mota su kaɗai. A ƙaramar bas, sau da yawa direban shi ne jagoran, kuma wannan yana da tasiri: idan bai samu wurin ajiye mota a kan dutse ba, sai ya sauke fasinja a ƙofa, ya yi musu bayani a takaice, su shiga su kaɗai.

Abu na biyu, a kan dutsen Sintra gine-gine biyu ne a kan ƙololuwa biyu da ke kallon juna, kuma tallace-tallace kan haɗa su da suna ɗaya. Na farko ganuwa ce ta yaƙi, Castelo dos Mouros, wato sansanin Musulmin Andalus. Na biyu fadar hutawa ce ta sarakuna, Pena, mai launin ja da rawaya, wadda hotonta ya cika intanet. Kowanne da tikitinsa.

Na uku, tikitin Pena kansa iri biyu ne. Tikitin lambu yana kai mutum har jikin fadar, ya ga bangonta da wasu farfajiyoyin waje, ba ya shigar da shi ɗakuna. Tikitin fada da lambu shi ne mai lokaci. Lokacin da aka rubuta na shiga ƙofar fadar ce a can sama, ba na ƙofar lambu da ke ƙasa ba, kuma masu kula da wurin da kansu suna cewa a ware kusan minti 30 tsakanin ƙofofin biyu. Wanda ya makara ba a ɗaga masa ƙafa, ba a mayar masa da kuɗi.

Sai abin da ake tallatawa da sunan tikitin tsallake layi. Layin da yake tsallakewa shi ne na sayen tikiti. Layin shiga ƙofa tare da sauran waɗanda aka ba lokaci ɗaya yana nan, kowa sai ya bi.

Asalin wurin

Sintra na da nisan kusan kilomita 30 arewa maso yammacin Lisbon. Musulmi sun gina sansaninsu a kan dutsen tsakanin ƙarni na 8 da na 10, a tudun da ya haura mita 400, inda mai gadi zai hango teku da hanyoyin da ke zuwa Lisbon. Ya koma hannun Sarki Afonso Henriques a 1147, shekarar da aka ci Lisbon da yaƙi. Har yau mai ziyara zai ga babbar matattarar ruwa a cikin ganuwar, da ramukan ajiyar hatsi da aka sassaƙa a jikin dutse, da tushen gidajen unguwar Musulmi da masu haƙar tarihi suka tono. Girgizar ƙasa ta 1755 ta yi wa wurin ɓarna, kuma wani sashe na abin da ake gani yanzu gyaran ƙarni na 19 ne.

Wanda ya yi wannan gyara shi ne Sarki Fernando na Biyu, ɗan gidan sarautar Jamus da ya auri Sarauniya Maria ta Biyu. A 1838 ya sayi kangon wani gidan 'yan zuhudu na Kirista da ke ɗaya ƙololuwar, ya sa aka gina fadar Pena a kansa daga 1842 zuwa wajen 1854. Gidan sarauta ya ci gaba da amfani da ita har 1910, lokacin da aka kawar da sarauta a Fotugal. A cikin gari kuma akwai tsohuwar fadar sarakuna mai bututun hayaƙi biyu masu tsawon mita 33, da gidan Regaleira na farkon ƙarni na 20 mai shahararriyar rijiyar nan da ake sauka cikinta ta matakala.

UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Sintra cikin wuraren gado na duniya a 1995, kuma ba gine-ginen kaɗai aka sa ba, har da dutsen da dajinsa. A 2000 aka kafa Parques de Sintra, kamfani mallakar gwamnati, don kula da Pena da sansanin da wasu wurare. Kuɗin gyara da albashin ma'aikatansa daga tikiti da shaguna suke fitowa, ba daga kasafin gwamnati ba. Wannan batu zai dawo idan an zo kan jayayyar ɓangarori. Regaleira kuwa wata gidauniya ce ta hukumar garin ke riƙe da ita, shi ya sa tikitinta daban ake saya.

Me ya jawo takurawar

Kafin annobar korona, Pena kaɗai tana karɓar kusan mutum miliyan 2 a shekara. Jiragen sama masu arha sun cika Lisbon da baƙi, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa suna sauke dubban mutane da safe waɗanda dole su koma kafin dare, hotunan fadar kuma sun bazu a Instagram. Yawan mutane kaɗai bai isa ya bayyana matsalar ba. Abu biyu ne suka tsananta ta.

Na ɗaya lokaci. Mai ziyarar yini guda yana barin Lisbon bayan karin kumallo, yana son komawa kafin magariba, don haka kusan kowa yana isowa tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana. Da ƙarfe tara da rabi wurin da sauƙi, haka bayan la'asar, amma tsakar rana ba masaka tsinke.

Na biyu hanya. Titin da ya hau dutsen siriri ne, mai yawan kwana, a wurare da dama hannu ɗaya ake bi. Ba a iya faɗaɗa shi, domin yana cikin yankin da UNESCO ta sa wa ido da kuma gandun dajin Sintra da Cascais da doka ta kare. Bas ɗin haya, tasi, ƙananan bas na kamfanoni da kekunan tuk-tuk, irin adaidaita-sahun da aka sani a Kano, duk wannan titi suke bi. Mota ɗaya ta tsaya sauke fasinja, na baya duk sun tsaya. Abin da ya fi tayar da hankalin hukuma shi ne idan wuta ta tashi a dajin ko wani ya faɗi, motar kashe gobara da ta asibiti ba su da ta inda za su ratsa.

A cikin fadar ma haka. An gina ta ne don iyali guda da barorinsu. Ɗakunan ƙanana ne, lungunan matsattsu, ana tafiya a jere ta hanya ɗaya. Numfashi da gumin dubban mutane suna ƙara danshi, danshi kuma yana cin zanen bango, katako da yadudduka.

Yadda yinin ke tafiya a zahiri

Ziyarar da aka fi sayarwa tana ɗaukar kusan awa takwas: Lisbon, Pena, cikin garin Sintra, Cabo da Roca wanda shi ne ƙarshen ƙasar nahiyar Turai ta yamma, sai garin Cascais na bakin teku, a dawo. Idan aka lissafa zaman mota, Lisbon zuwa Sintra ta babban titin IC19 kusan minti 45 ne, hawa dutse minti 20 zuwa 40 gwargwadon cunkoso, zuwa Cabo da Roca fiye da rabin awa, zuwa Cascais wani rabin awa, komawa Lisbon kusan minti 45. Awa uku ke nan sun tafi a kan kujera. Biyar da suka rage za a raba su ga wurare huɗu da cin abinci. Pena tana cin biyu a ciki idan har za a shiga ɗakuna.

A wannan lissafi babu gurbin sansanin Musulmi. Yawancin irin waɗannan ziyarori ta tagar mota ake nuna shi, ko daga farfajiyar Pena. Ga wanda tarihin Andalus ne ya kawo shi, wannan babban rashi ne, kuma ba zai gane ba sai yana cikin mota. A takardar talla, kalmomin “za a wuce ta” ko “za a hango” suna nufin ba za a tsaya ba. Zagaya ganuwar yana buƙatar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ƙofarsa ba ta da nisa da ta lambun Pena, ana iya takawa da ƙafa cikin ƙasa da minti 15. Saboda haka ziyarar da ta bar bakin teku ta tsaya kan dutsen kaɗai ta fi dacewa da mai wannan buri.

Wanda zai je da kansa sai ya yi lissafi daga baya zuwa gaba. A ce tikitinsa na ƙarfe 11:00 ne. Ya kamata ya kasance a ƙofar lambu da 10:30. Bas mai lamba 434 ce ke ɗauka daga tashar jirgin Sintra zuwa sama, kuma a ranar cunkoso jiran ta da hawan na iya cin awa guda, wato ya sauka daga jirgi da 9:30. Jirgin daga tashar Rossio a Lisbon minti 40 yake yi. Ke nan ya bar Lisbon kafin 8:45. Mafi yawan waɗanda ake mayarwa a ƙofa sun lissafa jirgin ne kawai, sun manta da dutsen. Lambun yana buɗewa 9:00, fadar 9:30, kuma lokacin farko na safe shi ne mafi aminci, domin titin bai cika ba tukuna. A cikin lambu akwai 'yar motar da ke rage hawan, da kuɗinta daban, ita ma da nata layin.

Sauran abin da ke ɓata ziyara shi ne yanayi. Dutsen yana tare iskar teku mai danshi, don haka ana iya barin Lisbon cikin rana tarwai, a tarar da Pena lulluɓe da hazo, ba a ganin abin da ke gaban mutum da nisan 'yan taku. Sanyi kuma ya fi na birni ko da rani ne. Kamfanoni ba su cika mayar da kuɗi saboda hazo ba.

Lissafin kuɗi

A farashin 2024, tikitin babba na fadar Pena da lambu Yuro 20 ne, na lambu kaɗai 10, na sansanin Musulmi 12. Jirgin ƙasa bai kai Yuro 3 ba kowace tafiya, tikitin yini na bas 434 kuma ya haura Yuro 10. Wanda ya je da kansa ya ga wuraren biyu zai kashe kusan Yuro 50 ban da abinci. Ziyarar rukuni galibi tana kamawa daga Yuro 50 zuwa 100, kuma da yawansu kuɗin shiga ba ya ciki. Mai rahusar da ba ta haɗa da tikiti ba na iya zama mafi tsada idan aka tara.

Da yawa daga waɗannan ziyarori ana sayar da su ne ta dandali irin GetYourGuide da Viator. Su dillalai ne, ba su da mota ba su da jagora, la'ada suke cira wadda yawanci kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Abin da ya rage shi ƙaramin kamfani zai biya mai, direba, inshora da haraji. Wannan matsi ne ke sa kamfanoni cusa wurare da yawa a yini ɗaya, domin tallar da ta jera wurare biyar ta fi wadda ta jera biyu samun masu saye.

Tun da aka rage tikiti, abin da ya yi ƙaranci ba kujerar mota ba ce, gurbin shiga fada ne. Kamfanin da ya riga ya kama gurabe tun da wuri yana sayar da abu mai daraja. Wanda kuma ya ce wa fasinja ya sayi tikitinsa da kansa na ƙarfe kaza ya ɗora masa haɗarin: idan wannan lokaci ya ƙare, ko motar ta makara wajen kwaso sauran fasinja daga otal-otal, asarar tasa ce.

Matsayin ɓangarori

Mazauna tsohon garin, waɗanda wasunsu suka haɗu a ƙungiyar QSintra, suna cewa rayuwar yau da kullum ta yi wuya. Ana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin a fita daga gida da mota, shagunan kayan masarufi sun koma na tsaraba, gidajen haya sun koma masaukin baƙi na 'yan kwanaki. Ba korar baƙi suke nema ba, buƙatarsu a tsayar da motoci a wajen gari, a shigo da mutane ta sufurin jama'a, a kuma ƙayyade adadi. Hujjarsu mafi ƙarfi ta haraji ce. Harajin baƙi a Fotugal galibi kan kwana ake karɓa, kuma Lisbon ta ɗaga nata zuwa Yuro 4 kowane dare tun Satumban 2024. Mai ziyarar yini guda yana biyan wannan haraji a Lisbon inda ya kwana, Sintra kuma ita ke ɗaukar shararsa da cunkoson motarsa.

Direbobi, masu tuk-tuk, masu gidajen abinci da ƙananan kamfanoni suna ganin abin ta wata fuska. Aikinsu ya dogara da wannan kwararar mutane, kuma lokacin korona sun ɗanɗana abin da rashinta ke nufi. Suna kuma cewa ƙaramar bas mai mutum takwas ta fi motocin haya huɗu sauƙi a kan titi, don haka bai kamata a ɗora musu laifin cunkoso ba. A cikinsu ma akwai saɓani. Tun 2011 Fotugal ta cire sharaɗin lasisi ga aikin jagoran baƙi, kowa na iya kiran kansa jagora. Waɗanda suka yi karatun aikin suna kukan cewa hakan ya karya farashi, ya kuma bar baƙi da labaran da ba su da tushe. Sababbin shiga suna cewa buɗe ƙofar ne ya samar wa matasa da baƙin haure aiki.

Parques de Sintra tana tsakiya. Rage tikiti yana kare ginin, yana kuma rage kuɗin da ake gyara shi da su, sai dai a ƙara farashi, kuma an ƙara. Masu suka na cewa hakan na mayar da gadon kowa ya zama na masu hali. Masu goyon baya na cewa mutum dubu biyar da suka ga wuri a natse sun fi dubu goma sha biyu da aka tura kamar ana kora. Abin da ƙayyade tikiti bai magance ba shi ne titi: wanda bai samu gurbin fada ba yakan sayi na lambu, ya hau dutsen duk da haka.

Yadda wasu garuruwa suka yi

A Granada ta Sifaniya, tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmin Andalus, da sunan mai shi ake bugawa, ana duba fasfo ko katin shaida a ƙofa, fadojin gidan sarautar Banu Nasr da ke ciki kuma da lokaci ake shiga. An yi haka ne don karya 'yan sari da ke kwashe tikiti su sayar da tsada. A Jamus, ba a shiga fadar Neuschwanstein sai cikin rukuni da jagoran wurin, na kusan rabin awa, bayan hawan tudu na minti 30 zuwa 40 daga ƙauyen da ke ƙasa. UNESCO ta sa ta cikin jerinta a 2025. Český Krumlov, garin mutum kusan 13,000 a ƙasar Czech, ya kama abin ta wajen motoci: tun 2019 babbar bas sai ta yi rajista tun da wuri ta biya kafin ta sauke fasinja. Venice ta Italiya, duk da ba garin tudu ba ce, ta fara karɓar kuɗi kai tsaye daga masu yini guda, Yuro 5 a wasu ranaku daga Afrilun 2024, a 2025 kuma ya koma 10 ga wanda bai yi rajista da wuri ba. Kowanne da ƙofar da ya fi toshewa: suna, lokaci, mota ko kuɗi. Sintra ta ɗauki lokaci da wani ɓangare na mota.

Abin da doka ta tanada da wanda ba ta tanada ba

Matafiya da yawa suna zaton dokokin kare mai saye na Tarayyar Turai sun rufe su. A nan akwai giɓi biyu. Dokar 2015 kan tafiye-tafiyen da aka haɗa a dunƙule, wadda ke tilasta wa kamfani mayar da kuɗi da ɗaukar nauyin matafiyi, ba ta shafi tafiyar da ba ta kai awa 24 ba kuma babu kwana a cikinta. Haƙƙin fasa ciniki cikin kwana 14 da ake da shi a sayayyar intanet shi ma bai shafi abin nishaɗi da aka saya don wata rana takamaimai ba. Saboda haka sharuɗɗan da kamfani ya rubuta su ne abin riƙo. Yawancin dandali suna barin a soke kyauta har zuwa awa 24 kafin tafiya, amma tikitin shiga da aka saya daban yana bin nasa sharaɗin.

Kamfanin da ke aiki bisa ƙa'ida a Fotugal yana da lambar rajista ta RNAAT ko RNAVT daga hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, kuma rajistar tana tafiya da inshorar dole. Ana iya neman lambar kafin a biya. Idan an samu matsala, akwai littafin koke na hukuma, Livro de Reclamações, wanda doka ta wajabta wa 'yan kasuwa, kuma ana iya cike shi ta intanet.

Tambayoyin da ke raba ziyara mai kyau da ta jeka-na-yi-ka ba su da yawa: shin tikitin cikin fada yana cikin farashi, na ƙarfe nawa ne, wa ya saya, jagora zai shiga tare da mu ko a ƙofa zai tsaya, minti nawa za a yi a kowane wuri, kuma me za a yi idan aka rufe dutsen. A samu amsar a rubuce.

Tasirin ga matafiyi daga ƙasashenmu

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, kafin ya shiga Fotugal. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45. A nan tsarin tikiti mai lokaci ya fi matse shi fiye da Bature: gurabe masu kyau na lokacin rani suna ƙarewa da wuri, shi kuma bai san ko bizar za ta fito ba. Mafita ita ce a kama ziyarar da ake iya sokewa kyauta, a bar tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shigo hannu. Tun 12 ga Oktoba 2025 kuma aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin Schengen, wanda kan ƙara jira a filin jirgi. Bai dace a sa ziyara mai lokaci a ranar sauka ba. 'Yan uwa mazauna ƙasashen Schengen masu takardar zama ba su da matsalar biza, sai ta lissafin lokaci.

Batun abinci yana buƙatar lura. Naman alade na shiga girke-girken Fotugal da yawa, wasu kayan fulawa da kitsensa ake yi, ana kuma zuba giya a wasu miyar. Ginjinha da ake miƙa wa baƙi a ɗan kofin cakulan a lungunan Sintra giya ce, ko da an ce ɗanɗano ne na kyauta cikin ziyara. Gasasshen kifi ya fi sauƙin tantancewa. A kan dutsen babu masallaci, kuma jadawalin rukuni ba ya ware lokacin salla, sai wanda ya faɗa wa jagora tun da safe. Babban masallacin Lisbon, da aka buɗe a 1985, yana cikin birni, don haka mai son Juma'a ya zaɓi wata rana don Sintra.

Ga dattawa da masu ciwon gwiwa, ganuwar Musulmi matakalu ce ta dutse marasa daidaito, wasu wuraren sirara ne, iska kuma na kaɗawa da ƙarfi. Takalmi mai kama ƙasa ya zama dole, doguwar riga kuma sai an tattare. Wanda zai kai iyaye ya fi masa sauƙi ya ɗauki shatar mota, ya tsaya kan Pena da fadar cikin gari, wadda ba ta buƙatar hawan dutse.

Ranar da aka rufe dutsen

Idan hukumomi suka ayyana haɗarin gobara mai tsanani, yawanci tsakanin Yuli da Satumba, ana rufe hanyoyin dajin, Pena da sansanin su rufe tare da su. Sanarwar kan fito ne kwana ɗaya ko biyu kafin lokacin, wani sa'in a tsawaita ta. Guguwar hunturu ma tana jawo haka, kamar wadda ta kayar da itatuwa masu yawa a dutsen a watan Maris na 2025. A irin wannan rana kamfanoni ba su cika soke tafiya ba. Sukan sauya hanya zuwa fadar cikin gari, ko fadar Queluz da ke kan hanyar Lisbon, ko su tsawaita zaman bakin teku, kuma da yawa sun riga sun rubuta a sharuɗɗansu cewa sauyin hanya ba dalilin mayar da kuɗi ba ne. Wanda ya sayi tikitin shiga kai tsaye daga Parques de Sintra da ita zai yi magana kan sauya rana ko mayar da kuɗi. Wanda ya saya ta hannun dillali sai ya bi ta dillalin. Matafiyin da zai yi kwana huɗu ko biyar a Lisbon ya sa Sintra a rana ta biyu, domin idan an rufe ya samu sararin sake gwadawa kafin jirginsa ya tashi.